Yadda Ake Ratsa Jihar Kolorado a Kan Babbar Hanyar I-70

Wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo a bayan tirela mai lodi, yana jin ƙaurin birkinta na shigowa ta taga, ya riga ya san rabin abin da zan faɗa. Sauran rabin shi ne dusar ƙanƙara, da tsayin da numfashi ke gazawa a kansa, da dokokin da ba a sasanta su a bakin hanya.

I-70 tana cikin manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin Amurka. A cikin Kolorado kaɗai tsawonta ya kai mil 450, wato kilomita 724 ko kusa da haka, daga iyakar Kansas a gabas zuwa iyakar Utah a yamma. Idan gari ya yi kyau kuma babu cunkoso, awa bakwai za ta fisshe ka. Sai dai hanya uku ce aka ɗinke wuri guda: fili miƙaƙƙe a gabas, duwatsu a tsakiya, busasshiyar ƙasa mai kwazazzabai a yamma. Kowacce da irin tuƙinta. Zan bi ta da kai daga gabas zuwa yamma, kuma sunayen garuruwa na bar su yadda za ka gan su a allo.

Kafin ka tayar da mota

Fara da koyon karanta lambobin hanya, don su ne jagoranka ko waya ta ɗauke. A gefen titi akwai ƙananan alluna koraye masu nuna mil. Ƙidayar ta fara daga sifili a iyakar Utah tana hawa har 449 a bakin Kansas, kuma lambar kowace mafita ita ce lambar mil ɗin da take. Ke nan idan kana mil 300 kana neman mafita ta 205, saura mil 95, babu sai ka tambayi kowa. Mai tafiya yamma lambobin raguwa za su riƙa yi masa. Idan kuma Allah ya kawo tsautsayi ka kira lambar gaggawa ta 911, lambar mil ɗin da kake ita ce abu na farko da za su so ji.

Sai taya. Daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu akwai dokar taya da ke aiki tsakanin Morrison, mil 259, da Dotsero, mil 133, ko da rana ta fito tangaran. Zurfin zanen tayarka kada ya gaza kashi 3 cikin 16 na inci, kusan milimita biyar, kuma tayar ta zama irin wadda aka yi don ƙanƙara da laka. Kowane shagon taya zai auna maka. Shawarata, ko da wace irin mota gare ka, ka sayi sarƙar taya ko rigar yadin nan da ake saka wa taya ka ajiye a but, kuma ka gwada ɗaura ta a ƙofar gida da rana tsaka. Wanda bai taɓa ɗaura sarƙa ba sai a kafaɗar hanya, cikin duhu, yatsu sun sandare, tireloli na watsa masa ruwan ƙanƙara, ya sa kansa a wahalar da da ya iya kauce mata. Manyan motocin kaya kuwa dole ne su ɗauki sarƙa a duk tsawon waɗannan watanni. Idan motar haya ka karɓa a filin jirgi, ka sunkuya ka duba tayar da idonka, domin tarar a kanka za ta faɗa.

A kai birki a duba. A cika ruwan wanke gilashi irin wanda ba ya daskarewa, a ƙara galan guda a but, saboda maganin da ake fesa wa titi don narkar da ƙanƙara yana rufe gilashi da laka cikin 'yan mintuna. Ka sa bargo, ruwan sha, abin taɓawa, tocila da cajar waya. Akwai lokacin da za a rufe hanya ka zauna awa uku a cikin mota, don haka kada mai ya sauka ƙasa da rabin tanki muddin kana cikin duwatsu.

Abu na ƙarshe, ka buɗe COtrip, shafin hukumar sufurin jihar, ko ka kira 511. Akwai kyamarori da za su nuna maka yadda titin yake a wannan minti. Ka kuma zaɓi lokaci: yammacin Juma'a da safiyar Asabar kowa na gudu yamma wajen wasan zamiya a kan ƙanƙara, yammacin Lahadi kuma kowa na dawowa Denver. Tafiyar awa ɗaya da rabi takan koma uku ko huɗu. Ranar Talata ko Laraba da hantsi hanyar taka ce.

Daga Burlington zuwa Denver

Daga iyakar Kansas zuwa Denver mil 175 ne, kuma babu abin faɗi da yawa. Gonakin alkama da masara, shanu, rumbunan hatsi masu tsayi, injinan iska masu samar da lantarki. Iyakar gudu mil 75 a awa. A Burlington, mafita ta 437, akwai ofishin tarbar baƙi mai banɗaki da taswira kyauta. Limon, mafita ta 359 zuwa 363, nan ne babban zango; ka sha mai, ka miƙe ƙafa. Daga nan hanyar US 24 ke ɓallewa zuwa Colorado Springs, ita kuma I-70 ta karkata arewa maso yamma.

Maƙiyanka a nan biyu ne, gyangyaɗi da iska. Iskar filin nan tana iya kayar da tirela marar lodi, don haka in za ka wuce babbar mota ka riƙe sitiyari da hannu biyu. Da sanyi kuma iskar kan kwashi dusar ƙanƙara ta rufe ido kamar ƙurar hunturu mai tsanani, har a sauke ƙofofin ƙarfe a rufe hanyar gaba ɗaya. Idan ka tarar an sauke ƙofa, nemi masauki da wuri kafin ɗakunan garin su ƙare.

Cikin Denver

Denver tana kan tsayin mita 1,609, wato ta riga ta fi Jos nisa daga teku alhali ba a fara hawa ba. Mafita ta 285 tana kai wa filin jirgi (mai tafiya gabas kuwa ta 284), ta 282 tana haɗa ka da I-225 zuwa Aurora, inda 'yan Afirka suka fi yawa. Idan kana son sallah cikin jam'i ko naman halal na guzuri, nan za ka ratse. Babban masallacin Colorado Muslim Society yana kan titin Parker. Ka yi guzurin a nan, domin da ka shiga duwatsu samun irin wannan abinci zai yi wuya.

Ga wani abu da ke rikita 'yan'uwa da yawa: mu mun tashi muna cewa gabas idan muna nufin alƙibla. A Kolorado alƙibla tana arewa maso gabas, ta ma fi kusa da arewa. Ka duba manhajar waya kafin ka shimfiɗa darduma a wurin hutawa.

A mil 274 za ka haɗu da I-25. Ka zauna a layin tsakiya ka bi allon da ke cewa Grand Junction. Layin da ke can hagu mai alamar Express na kuɗi ne, kyamara ke ɗaukar lambar mota a aiko da takarda gida, kuma tsallaka farin layin da bai yanke ba don shiga ko fita tara ce daban. A gidan mai za ka ga mai lamba 85, wanda ba a cika ganinsa a wasu jihohi ba. In littafin motarka ya ce 87, sayi 87.

Hawa

Daga mil 259 titi zai ɗaga kai. Za ka ji mota ta yi nauyi kamar an ƙara mata lodi. Lafiyarta ƙalau, iska ce ta yi ƙaranci, kuma injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa kafin a kai ƙololuwa. Kada ka matse totur har ƙasa. Sauko da giya, ka koma layin dama ko na tsakiya, ka sa ido a kan allurar zafi. Da bazara in ta fara hawa, kashe na'urar sanyaya ɗaki.

A Genesee, mafita ta 254, akwai garken ɓaunar Amurka mallakar birnin Denver, kuma daga ƙarƙashin gadar wurin ne fararen duwatsun za su bayyana gabanka a karon farko. Na bi wurin ban san iyaka ba, har yanzu sai na yi tasbihi.

Kada kallon ya ɗauke ka, don a mil 247 ga Floyd Hill: gangara mai tsini wadda ta ƙare da kwana a gindinta, a bakin rafin Clear Creek. Tun 2023 ake babban aikin gyara wurin, layuka kan sauya, wani lokaci a tsayar da motoci don fasa dutse. Ka rage gudu tun daga sama. Bayan nan sai gajeren rami da hanya ta huda cikin dutse, sai Idaho Springs, garin da aka samu zinariya a 1859. Sai Georgetown a mil 228, tsohon garin haƙar azurfa, inda sau da yawa ake ganin tumakin dutse masu murɗaɗɗen ƙaho a jikin tsauni, wani lokaci ma a bakin titi suna lasar gishiri.

Jikinka ma zai ji tsayin. Ciwon kai, haki, jiri kaɗan, bushewar baki. Sha ruwa fiye da yadda ka saba. Mai ciwon zuciya ko na huhu, mai juna biyu, da musamman mai sikila, su ga likita kafin wannan tafiya. Na ambaci sikila da gangan saboda tana da yawa a cikinmu, kuma ƙarancin iska na iya tayar da ita. Idan ciwon ya tsananta, maganin farko shi ne a sauka ƙasa, ba a tsaya hutawa a saman ba.

Ramin Eisenhower, da abin da ke bayansa

Tsakanin mil 215 da 213 hanya ta huda dutse. Ramin da masu tafiya yamma ke bi an buɗe shi a 1973 da sunan Shugaba Eisenhower, na masu tafiya gabas kuma a 1979 da sunan Edwin Johnson, tsohon gwamnan jihar. Tsawon kowanne kusan kilomita 2.7, tsayinsa daga teku mita 3,401, kuma babu inda ya fi shi tsayi a duk manyan hanyoyin jihohin Amurka. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Kai ga ka a cikin mota, kusan mita dubu sama da kansa. A saman ramin ne ruwan nahiyar ke rabuwa: wanda ya zuba ta gabas ya nufi Tekun Atlantika, na yamma ya nufi Pasifik.

Cire tabarau, kunna fitila, kada ka tsaya a ciki. Tankokin mai da masu ɗauke da kaya masu haɗari ba su shiga. A mafita ta 216 suke hawa Loveland Pass, mai tsayin mita 3,655. In an rufe can saboda ƙanƙara, sai a riƙa tsayar da kowa lokaci-lokaci a wuce da su ta ramin su kaɗai. Idan ka ga jar wuta a bakin ramin, sau da yawa dalilin ke nan.

Ka shirya wa abin da za ka tarar a ɗaya bakin. Kana iya shiga cikin rana ka fito cikin dusar ƙanƙara, kuma kana fitowa gangara ta fara. Mil bakwai zuwa takwas ne har Silverthorne, a kowace mita ɗari titi na sauka mita bakwai. Duk abin da na rubuta a sama share fage ne ga wannan wuri.

Tun kana cikin ramin ka rage gudu. Kafin gangarar ta kama ka, sauko da giya. Mota mai giyar hannu, sa ta uku. Mai canza giya da kanta, ja sandar zuwa 3 ko L, ko ka mayar da ita M ka danna alamar ragewa. Injin zai yi ƙara, allurar juyawarsa ta hau. Bar shi, aikinsa yake yi, shi ke riƙe motar. Idan gudun ya wuce yadda kake so, taka birki da ɗan ƙarfi na daƙiƙa uku ko huɗu har ka rage mil biyar zuwa goma, sa'an nan ka ɗage ƙafa gaba ɗaya ya sha iska. In gudun ya sake hawa, ka maimaita. Abin da ke kashe mutane shi ne ɗora ƙafa a kan birki a hankali tun daga sama har ƙasa. Ƙarfen zai yi zafi, man birki ya tafasa, ka taka ka ji feda ta nutse babu komai a ƙarƙashinta. Kuma kada ka kuskura ka sa mota a firi don tsimin mai. Na san al'ada ce a wurin wasu direbobinmu na gida, kuma ta cinye rayuka a can ma.

Da ka ji ƙauri ko feda ta yi laushi, nemi wuri mai faɗi ka tsaya tun birkin na da sauran kamu. Kada ka zuba masa ruwa. Ba shi rabin awa.

In kuwa ya tafi gaba ɗaya, akwai hanyar tsira. Za ka ga allo ruwan ɗorawa an rubuta Runaway Truck Ramp. Wani gajeren titi ne da ya ɓalle ta dama ya haura tudu, an cika shi da tsakuwa mai zurfi. Ka miƙe sitiyari ka shiga tsakiyarsa, tsakuwar za ta kama tayoyin. Akwai biyu a wannan gangara. Motar za ta iya lalacewa, za a biya kuɗin janwe, amma za a fito da rai. A watan Afrilun 2019 wani matashin direban tirela da birkinsa ya ƙone a gangarar da mai tafiya gabas ke bi ya sauka Denver ya wuce irin wannan wuri bai shiga ba, ya afka cikin cunkoso a Lakewood, mutum huɗu suka mutu. Kotu ta yanke masa shekara 110 kafin Gwamna Jared Polis ya rage zuwa 10 a ƙarshen 2021. 'Yan'uwa masu tuƙa tirela, ku riƙe wannan. Mai ƙaramar mota kuma kada ya taɓa tsayawa a bakin wurin don hoto ko hutawa, kuma kada ya shiga gaban tirela a gangara ya taka birki. Ranar dawowa ka tuna cewa gangarar Denver ɗin tana yaudara: za ka hango birni ka ɗauka an iso, alhali saura mil huɗu na tsini da kwana, har alluna aka kafa masu faɗa wa direbobi haka.

A kan ƙanƙara duk wannan a hankali ake yin sa. Babu fizgar sitiyari, babu taka birki farat ɗaya, tazara tsakaninka da na gaba ta ninka uku. Gada tana daskarewa kafin sauran titi. Motar da ke ja da ƙafa huɗu ta fi iya hawa, amma wajen tsayawa ba ta fi kowa ba. Motar share ƙanƙara in tana gabanka, bi ta a baya.

Silverthorne zuwa Dotsero

Silverthorne, mafita ta 205, akwai mai da abinci, kodayake da tsada. Sai Frisco, sai Copper Mountain a 195, sai hawa na biyu zuwa Vail Pass a mil 190, mita 3,250. Gangarar bayansa mil goma ce, mai kwanoni, kuma tana cikin wuraren da aka fi rufewa da sanyi. Yi mata yadda ka yi wa ta farko. Bayan garin Vail akwai matsattsen kwana a Dowd Junction, mil 171, wanda rana ba ta cika taɓa shi ba, ƙanƙara kan daɗe a kai. Daga Avon zuwa Eagle da Gypsum kwari ya buɗe, sai dai barewa da manyan namun daji kan tsallaka da magariba da asuba.

Kwazazzabon Glenwood

Daga mil 133 zuwa 116 titi ya shiga tsakanin bangayen dutse masu tsayin ɗaruruwan mita, Kogin Kolorado na gudu a ƙasa, layin dogo a ɗaya gaɓar. Wannan ne yanki na ƙarshe da aka kammala, a 1992, mil 12 da suka ci kusan dala miliyan 490. Da wuri ya ƙi isa, sai aka ɗora layin yamma a kan ginshiƙai sama da na gabas, aka bi lanƙwasar dutsen maimakon a rushe shi. A ganina babu aikin titi da ya fi wannan kyau a duk hanyar, kuma dalilin shi ne masu aikin sun yarda dutse da kogi sun riga su zuwa.

Iyakar gudu tana kan allo, kuma a nan ka bi ta sau da ƙafa. Wuraren hutawa huɗu ne: Bair Ranch a 129, Hanging Lake a 125, Grizzly Creek a 121, No Name a 119. Na Hanging Lake sai mai tafiya gabas ke iya shiga, don haka sai ka kai 121 ka juyo, kuma hawa zuwa tafkin sai da izinin da aka nema tun da wuri.

A Agustan 2020 gobarar daji ta ƙone gangaren kwazazzabon aka rufe hanya mako biyu. A ƙarshen Yulin 2021 ruwan sama ya kwaso laka da duwatsu daga wurin da ya ƙone ya binne titin, aka sake rufewa kusan mako biyu. Tun daga nan, in an yi gargaɗin ambaliya ana iya rufe wurin. Zagayen da hukuma ta amince da shi ta arewa yake: daga Silverthorne ka bi hanya ta 9, ka kama US 40 ta Steamboat Springs zuwa Craig, ka sauko ta hanya ta 13 zuwa Rifle. Zai ƙara maka awa biyu da rabi ko fiye. Wayarka za ta nuna maka gajeriyar hanya ta Cottonwood Pass ko Independence Pass. Kada ka bi. Ta farkon wani ɓangarenta turɓaya ce, ta biyun an hana doguwar mota da ta wuce ƙafa 35, kuma dukansu a rufe suke da sanyi.

Glenwood Springs zuwa iyakar Utah

A Glenwood Springs, mafita ta 116, warin da za ka ji kamar na ruɓaɓɓen ƙwai daga maɓuɓɓugar ruwan zafi yake. Daga nan gudu ya koma 75 a mafi yawan wurare: New Castle, Silt, Rifle, Parachute. Ƙasa ta bushe, duwatsu sun yi ja da toka-toka. Akwai sauran kwanoni a kwazazzabon De Beque, rage gudu. Kana fita sai lambunan Palisade, mafita ta 44 da 42. In a Agusta ka zo, tsaya ka sayi ɗan itacen nan mai laushi da zaƙi da suke kira peach, a hannun manoman da kansu.

Idan ɗan sanda ya kunna maka wuta a ko'ina a hanyar nan, ka gangara dama, ka kashe mota, ka sauke gilashi, hannuwa a kan sitiyari. Kada ka fito sai ya ce, kada ka laluba aljihu sai ka gaya masa abin da za ka ɗauko, kuma kada maganar na goro ta fito daga bakinka ko da wasa, don laifin ɗauri ne. In ka ga motar 'yan sanda ko wata mota tsaye a kafaɗar hanya da fitilar gargaɗi, doka ta ce ka koma ɗaya layin, in ba hali ka rage gudu sosai.

Grand Junction shi ne babban garin yamma, mafita ta 37 zuwa 26, akwai asibiti, masauki da makanikai. Fruita a mafita ta 19 tana da ofishin tarbar baƙi, kuma daga nan ake shiga Colorado National Monument, titin mil 23 a bakin jajayen kwazazzabai, ga mai sauran rana. Cika tankinka a Fruita ko da rabi gare ka, ka cika jarkar ruwa. Bayan ka wuce mil na sifili gidajen mai sun yi nisa da juna, kuma a cikin Utah, tsakanin Green River da Salina, akwai fiye da mil 100 da babu ko ɗaya.